Fodkas: "Bari ni zan gyara", a ina ya kamata hannu ya tsaya?

Auta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni sun cika mana waya kan maganar gyaran gidan nan, wata ta ce don Allah mu faɗa wa maza su daina cewa "bari ni zan gyara", wani kuma ya ce matarsa kwan fitila ma sai ta kira mai gyara. Kawu kai ne mai akwatin kayan aiki, bismillah.

Kawu: To ai kowa da gaskiyarsa. Ni tambaya ɗaya nake yi kafin in taɓa abu, in ya lalace a hannuna me zai biyo baya? In fenti ne ka sake shafawa. In famfo ne mai ɗiga iyaka ka jiƙe, kuma yawanci wata 'yar roba ce a ciki ta cinye, ka rufe ruwa daga babban kan famfo tukuna, ka kwance da sufana, ka canza robar, in wajen haɗin bututu ne ke yoyo ka naɗa farin tef ɗin nan ta ɓangaren da ake ɗaurewa, in ka naɗa a baibai yana warwarewa ne lokacin da kake murɗawa. Wannan ba sai an kira kowa ba.

Yaya: In akwai sufanar kenan. Ni tawa tana gidan maƙwabci.

Kawu: Har yanzu?

Yaya: Har yanzu Kawu. Kayan aiki in sun fita aro ai sun yi aure.

Auta: Shi ya sa wuƙa ta zama sukundireba a kowane gida, duk wuƙar da ka ɗauka bakinta a lanƙwashe.

Yaya: Filaya kuma ta zama guduma. Tsani fa? Tsani ɗaya ne a layi gaba ɗaya, kuma ba wanda ya san mai shi na asali.

Auta: Mai shi ma arowa yake yanzu, har da godiya.

Yaya: Har ya ce yanzun nan zan dawo da shi.

Kawu: Ku bar dariya, tsanin nan yana karya mutane. In ka jingina shi, duk tsawon ƙafa 4 sama ka ja gindinsa ƙafa 1 daga bango, kuma wani ya riƙe maka. Mu koma fenti, don nan mutane suka fi asara. Bango yana danshi mutum ya shafa fenti a kai, ba da jimawa ba ya kumbura ya fara ɓarewa, sai a ce fentin ne ba shi da kyau. Nemo inda ruwan ke shigowa, kwano ne ke yoyo ko bututu ne ya fashe cikin bango, gyara wannan, ka bar bangon ya bushe sosai, ka kankare, sannan ka shafa. Haka siminti, gaggawa ba ta masa, sai wajen kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa kuma kwanakin farko yana son ban ruwa, in ka bar shi ya bushe da sauri sai ya tsattsage. Tayil kuma ka sayo da ƙarin kamar kashi 10 cikin 100, saboda yanka da fashewa, in ka koma daga baya da wuya ka samu kalar ta zo daidai.

Auta: Wuta fa Kawu? Wani ya tambaya ko zai iya canza soket.

Kawu: Nan nake ɗaure fuska. Kashe makunni bai isa ba, ka kashe daga babban akwatin wuta, ka cire janareta da inbata in akwai, ka sa tasta, wato abin gwada wuta, ka tabbatar babu wuta. Kuma kar ka huda bango daidai saman soket ko ƙasansa, waya ta nan take bi. Amma sabon wayarin, ko soket mai warin ƙuna, ko fis mai yawan yankewa, kira mai aikin wuta kawai.

Yaya: Ni rushe bango nake son ji, masu son haɗe ɗaki biyu ya zama falo.

Kawu: Kai, a'a. Wani bangon shi ke ɗauke da rufi ko benen sama, da ido ba lallai ka gane ba, injiniya ne zai faɗa maka. Tsagewa ma iri-iri ce, siririya kamar gashi a filasta ka cike ta, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa kuma tana ƙara buɗewa, wannan maganar harsashin gini ce. Tsohon silin na asbesto kuma kar ka fasa, kar ka goge, ƙurarsa tana lalata huhu. Tsohon fenti ma wani akwai dalma a ciki, a fitar da yara in za a kankare.

Auta: Kawu lokaci fa, mun ce za mu lissafo kayan aikin da ya kamata kowa ya mallaka.

Kawu: Au, sai wani shirin. Guduma, filaya, tasta, sauran za mu…

Yaya: Da sufana. Maƙwabcina in kana ji, ina nan zuwa da yamma.

Auta: Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.