Direba Ne Ke Shan Zagi, Amma Ba Shi Ya Ƙara Kuɗin Mai Ba

Assalamu alaikum. Iyayenmu shugabannin tasha, direbobi, malamai da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Kowa a ɗakin nan ya san ranar 29 ga Mayu, 2023. Shugaba Tinubu yana tsaye a Dandalin Eagle da ke Abuja ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kano. A watan Yuni kuma Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. To a lokacin man nan da dala ake shigo da shi, kun ga duka biyu ke nan a wuri ɗaya. Zuwa Oktoban 2024 lita ta haura naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja.

Yanzu mu sauko kan titi. A ce ɗan Adaidaita Sahu yana shan lita 8 a wuni, misali nake ba ku. A da kuɗin mansa bai kai 1,600 ba. A farashin 1,000, sai ya ajiye 8,000 kafin ya yi maganar balas ɗin mai mashin, kafin kuɗin tikiti, kafin cefanen gida. Mai ya ninka sau biyar. Ku gaya mini, kuɗin mota ya ninka sau biyar? Bai ninka ba, domin fasinjan ma ba shi da shi. Mafi ƙarancin albashi daga 30,000 ya koma 70,000 ne kawai a 2024, kuma yawancin masu hawa ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Sai mutum ya taka da ƙafa daga Kurna zuwa Bata.

To gibin nan wa ke cike shi? Motar ce. Wannan shi ne abin da na fi so ku riƙe. Direba ya daina juye baƙin mai a kan lokaci. Taya ta suɗe, ya ce ta ƙara wata guda. Birki na kuka, ya ce sai an yi lodin gobe. Inda ake zama mutum uku a baya ya cusa huɗu, ya ƙara biyu a gaba. Wato jarinsa yake ci da kaɗan-kaɗan, shi kuwa yana ganin ciniki yake yi. Ranar da injin ya buga, babu kuɗin gyara, uban gida ya karɓe makulli. Fasinja kuma a tasha yana ce masa marar tausayi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mu a Arewa namu ya fi nauyi. Man daga bakin teku yake tasowa, ko daga jirgin ruwa ko daga matatar Ɗangote da ke Lekki, wadda ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Tanka ce za ta ɗauko shi ta yi tafiyar kilomita kusan dubu. A da akwai asusun da ke biyan kuɗin dakon don farashi ya daidaita a ko'ina. Yanzu mai saye ke biya. Matatar Kaduna kuwa, kun fi ni sanin shekarun da ta yi a kwance.

Kada mu manta da ƴan'uwanmu na Maraɗi da Ƙonni, waɗanda suka daɗe suna shan man da ake tsallakawa da shi a jarkoki. Su ma sun ji a jikinsu.

Ana ta maganar komawa iskar gas, kuma gaskiya ta fi arha. Amma direban Kano zuwa Maiduguri tambaya ɗaya yake yi: in tukunyar ta ƙare a Potiskum, ina zan cika? Na ga Alhaji a baya ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, ranka ya daɗe, a miƙa masa lasifika.