Wanda ya tsaya da yara shi ake tuhuma

Masu sauraro, a ko'ina a duniya akwai gidajen da uwa kaɗai ko uba kaɗai ke riƙe da yara, kuma dalilan da suka kai su ga haka sun bambanta: wani gidan mutuwa ce ta raba, wani saki ne, wani yaƙi ko neman abinci ne ya tafi da abokin zama bai dawo ba, wani kuma an haifi ɗan ne ba tare da aure ba. Amma idan aka zo gori, duka kuɗin goro ake yi musu. Mace ta je neman hayar gida, tambayar farko ita ce ina mijinki. Ta kai ɗanta makaranta, takarda ta nemi sa hannun uban da ya shekara biyar bai leƙo ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wadda ta tsaya tana ciyarwa, tana jinya, tana biyan kuɗin makaranta, ita ake tuhuma, shi kuwa wanda ya juya baya ba kasafai ake tambayarsa ba.

Ƙyamar nan ba ta tsayawa a baki, tana iya kaiwa ga rasa rai. A ƙasar Ayilan, hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta fitar da rahoto a watan Janairun 2021 kan gidaje 18 da ake kai matan da suka yi ciki ba aure tsakanin 1922 da 1998. Yara kusan 57,000 ne suka ratsa ta gidajen, kimanin 9,000 daga cikinsu suka mutu a ciki, har sai da Firaminista Micheál Martin ya nemi gafara a madadin ƙasa. Da yawa daga cikin matan nan danginsu ne suka kai su don gudun abin kunya, doka kuma ta goyi bayan wannan kunyar, domin sai a 1987 ƙasar ta daidaita matsayin ɗan da aka haifa ba aure da na sauran 'ya'ya.

An samu gyara a wurare da dama. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta hana nuna wa yaro bambanci saboda yanayin haihuwarsa, ta kuma wajabta yi masa rajista da zarar an haife shi. Kundin tsarin mulkin Kenya na 2010, a sashe na 53, ya ɗora nauyin ɗa a kan uwa da uba daidai wa daida, ko sun yi aure ko ba su yi ba.

Sai dai rubuta doka daban, karɓo kuɗin ciyarwa daban. Alƙali na iya yanke wa uba abin da zai riƙa bayarwa duk wata, ya biya sau biyu ya daina, ita kuma uwar ba ta da kuɗin lauya, ba ta da wanda za ta bar wa yara ta wuni a kotu, ga dangi suna cewa ta yi haƙuri kada ta tona asiri. A nan ne nake ganin ya kamata hukuma ta ɗauke mata wannan zirga-zirgar. Ostireliya ta kafa hukuma a 1988 da ke iya cire kuɗin daga albashin wanda ake bi tun kafin ya shiga hannunsa. Suwidin kuwa, idan uba ko uwa suka ƙi biya, gwamnati ce ke bai wa yaron kuɗin duk wata, sannan ita da kanta ta bi wanda ya ƙi biyan bashinta.