Katako Ba Ya Daina Motsi: Lacca Kan Fara Haɗa Taga da Ƙofa a Gida

Assalamu alaikum. Jama'a, na gode da kuka samu zuwa. Yawancin tambayoyin da aka miƙo mini a kan inji ne, wai wanne za a fara saya. To, a ajiye maganar inji tukuna. Ka samu zarto mai kaifi, da kurfi biyu ko uku, da abin fere katako na hannu, da sukwaya ta duba daidaiton kusurwa, da tef na awo, da guduma, da abin matse aiki, sai tebur mai nauyi wanda ba ya rawa. Da irin waɗannan aka yi ta haɗa ƙofofi tun ba a san lantarki ba.

Abin da ke kayar da sabon kafinta katakon ne da kansa. An sare bishiya, an tsaga ta, amma katako bai daina motsi ba. In ya sha laima ya kumbura, in ya bushe ya tsuke. Kuma ta faɗi yake wannan motsi, ta tsawo kusan babu. Ku riƙe wannan, don duk fasalin ƙofa a kansa aka gina shi.

Saboda haka kar ka taɓa aiki da ɗanyen katako, komai kyansa. Na aikin cikin ɗaki, ana son danshinsa ya sauko wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Na waje yakan ɗan ɗara haka. Akwai ƙaramar mita ta auna danshi, kuma a ganina ta fi wani injin amfani ga mai farawa. In a iska za ka busar, masu sana'ar kan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci na kauri. Ka jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin allo da allo don iska ta ratsa. Wanda ka sayo busasshe ma, bar shi ya yi mako ɗaya ko biyu a wurin aikinka kafin ka sa masa zarto.

Yanzu ku dubi wannan ƙyauren da ke gabana. Dogaye biyu a tsaye, gajeru a kwance, allo a tsakiya. Inda na kwance ya haɗu da na tsaye, an fafe rami a ɗaya, an fitar da harshe a ɗayan. Kaurin harshen kashi ɗaya cikin uku ne na kaurin katakon: in katakon milimita 45 ne, harshe 15. Ya shiga da turin hannu da ɗan bugu kaɗan. In sai ka yi ta dukansa, zai tsaga ramin. In kuma yana lilo, gam ba zai cece ka ba. Shi kuwa allon tsakiya, a cikin kwari yake zaune, ba gam, ba ƙusa. An bar masa sarari ne ya kumbura ya tsuke abinsa. Ka manne shi, wata rana ka ji ƙas, ya tsage daga sama har ƙasa.

Kafin gam ya kama, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sannan ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, aikin ya karkace, ka gyara nan take.

Shawarata, fara da ƙaramar taga, ba ƙofa ba. Haɗin iri ɗaya ne, asarar kuma kaɗan. Gilashin a yanka shi ya gaza gurbinsa da kamar milimita 3. Katakon ƙasan taga a ba shi gangare zuwa waje, a kuma tsaga siririn kwari a ƙarƙashinsa, don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ya koma bango.

Wani ya tambayi fenti. Bakin katako, inda zarto ya yanke shi a gicciye, ya fi ko'ina shan ruwa. Don haka saman ƙyaure da gindinsa, wuraren da ido ba ya gani, su za ka fara shafewa kafin ka rataya. Ka kuma bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin ƙyaure da firam.