Sammore ne ko ba shi ba ne? Jini ne zai faɗa

Ku dubi saniyar nan. Ta rame, gashinta ya tashi, idonta na zubar da ruwa, kullum ita ce a ƙarshen garke. Makiyayi zai ce sammore ne, kuma mai yiwuwa ya yi gaskiya. Sai dai tsutsar hanta da tsutsar ciki da cututtukan da kaska ke yaɗawa duk suna ƙarar da jinin dabba kamar haka, kuma kowanne da maganinsa. Shi ya sa likitan dabbobi ke fara ɗibar jini kafin ya ɗauki allura.

Ana huda jijiyar kunne ko ta wuya, a zuƙi jinin cikin wani bututun gilashi siriri kamar tsinken tsintsiya, a toshe gindinsa, a sa shi a na'ura ta juya shi da gudu na minti 5. Jinin sai ya rabu gida uku. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jini ya tashi sama, wani ɗan layi fari-fari ya tsaya a tsakaninsu.

Da farko ana auna tsawon jan, a kwatanta shi da tsawon jinin gaba ɗaya. Wannan awo shi ake kira PCV. A lafiyayyar saniya yakan kama daga kashi 24 zuwa 46 cikin 100. In ya gaza haka, akwai ƙarancin jini, amma awon bai nuna dalili ba.

In sammore ne, dalilin yakan ɓuya ne a ɗan farin layin nan, domin a nan ƙwayoyin sammore ke taruwa. A 1977 wani masanin cututtukan dabbobi, Max Murray, da abokan aikinsa suka fito da dabarar yanke bututun a daidai wurin, a matso farin layin a kan gilashi, a duba da madubin likita. Abin ban sha'awa, ƙwararre na iya gane irin ƙwayar daga motsinta. Mai suna vivax takan keta fili a guje. Ita kuwa congolense ƙarama ce, motsinta sannu, sau da yawa tana manne da jajayen ƙwayoyi. Bambancin yana da amfani, domin vivax ba tsando kaɗai ke ɗaukar ta ba, har da wasu ƙudajen masu cizo, don haka akan same ta inda babu tsando ko ɗaya.

Madubi ma yana da iyaka. Yawan ƙwayoyin a jini hawa yake yi yana sauka, yau a gani, jibi a rasa. A nan ne gwajin PCR, mai neman ƙwayar halittar cutar kanta, ke kama abin da ido ya tsallake. Irin wannan bincike ake yi a cibiyar binciken sammore ta Kaduna da ta lafiyar dabbobi da ke Vom.

Abin da ke damuna shi ne, Berenil da Samorin, magungunan sammore da muke dogaro da su, sun haura shekara 60, kuma a ƙasashen Afirka da dama ƙwayoyin sun fara jure musu. Yin allura bisa zato, ko rage adadin magani don ya ishi garke, yana ƙara musu wannan juriya.

Idan za ku kai jini gwaji, a zuba shi a kwalbar da ke hana shi daskarewa, a ajiye a sanyi, a kai cikin 'yan sa'o'i, tun ƙwayoyin na motsi.