Libiya Bayan Gaddafi: Wa Ke Riƙe da Ƙasar?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa daga nan Jos.

Ranar 20 ga Oktoba 2011 'yan tawaye suka kama Mu'ammar Gaddafi a bakin garinsu Sirte, bayan jiragen NATO sun yi wa ayarin motocinsa ruwan wuta. Daga cikin kwalbati aka zaro shi jina-jina, ba a jima ba aka kashe shi. Aka kai gawarsa Misrata, aka shimfiɗe ta a ɗakin sanyi na ajiye nama, jama'a na bin layi suna ɗaukar hoto da waya, sai bayan kwanaki aka binne shi a ɓoye cikin sahara. Mutumin da ya shekara 42 a kan mulki ke nan. A Tarabulus da Bengazi an kwana ana harbi sama don murna. Amma ƙasa mai mutum kusan miliyan 6, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin mai a ƙarƙashin ƙasa, ta wayi gari ba wanda zai iya cewa ga mai riƙe da ita.

Har yau in aka ɗauko zancen nan a teburin mai shayi, ko a Bauchi Road ko a Gangare, sai an rabu biyu. Wani ya ce gwarzo ne Turawa suka kashe don su kwashi mai, wani ya ce azzalumi ne ya girbi abin da ya shuka. Mu mutanen Jos ma muna da namu tarihin da shi. A watan Maris 2010, muna tsakiyar makokin rikicin da ya ci rayukan 'yan'uwanmu, ya fito ya ce a raba Najeriya gida biyu, Musulmi daban Kirista daban, har gwamnatin tarayya ta janye jakadanta daga Tarabulus. Mai neman a wanke shi tas, ya riƙa tuna wannan. Mai cewa mutuwarsa alheri ce zalla kuma, ya dakata ya ji abin da ya biyo baya.

Sai mun koma baya kaɗan. Gaddafi ya hamɓarar da Sarki Idris ranar 1 ga Satumba 1969, yana matashin hafsan soja. Tunda shi kansa ta juyin mulki ya hau, bai taɓa yarda da soja ba. Da gangan ya raunana rundunar ƙasa, ya mayar da ƙarfin ga wasu birged na musamman a hannun 'ya'yansa da danginsa, irin wadda ɗansa Khamis yake jagoranta. Ya haramta jam'iyyu. Ya yi mulki ba tare da tsarin mulki na dindindin ba. A 1977 ya ce ai jama'a ce ke mulkin kanta ta hanyar kwamitoci, shi jagora ne kawai, alhali ba takardar da ke motsi sai da izininsa. Gaskiya ne ya yi ayyuka. Karatu da asibiti kyauta ne, ya kuma janyo ruwan ƙarƙashin sahara ta manyan bututu har biranen gaɓar teku. Gaskiya ne kuma a 1996 an kashe fursunoni kimanin 1,200 a kurkukun Abu Salim, kuma kama lauyan iyalansu, Fathi Terbil, shi ya kunna zanga-zangar Bengazi a Fabrairu 2011.

To a nan gizo ke saƙar. Gida ne da aka ɗora dukkan rufinsa a kan ginshiƙi ɗaya, maigidan kuma ya sassare sauran da hannunsa. Ranar da ya faɗi ba majalisar da za ta zauna, ba kotun da kowa ya yarda da hukuncinta, ba rundunar da za ta ce wa matasa yaƙi ya ƙare, a kawo bindiga. Wannan laifin nasa ne, kuma ba na jin akwai mai iya ɗauke masa shi.

Waɗanda suka taimaka aka kayar da shi ma da nasu kason, mai nauyi. Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, na kare fararen hula. Najeriya na cikin kwamitin a lokacin, ta kuma kaɗa ƙuri'ar amincewa tare da Afirka ta Kudu da Gabon. Izinin kariya aka bayar, amma jiragen Faransa da Ingila da Amurka da ƙawayensu ba su tsaya ba sai da gwamnati ta kife. Daga nan kowa ya kama gabansa. Shi kansa Barack Obama ya faɗa a 2016 cewa rashin tanadin abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi muni a mulkinsa.

Bindiga ta zauna a hannun wanda ya riga ɗauka. Misrata da dakarunta, Zintan da nata, unguwannin Tarabulus kowace da kwamandanta. Mayaƙan Misrata suka kori ilahirin mutanen Tawergha, baƙaƙen fata dubban gommai, bisa zargin sun yi wa Gaddafi yaƙi. Sabuwar gwamnati, maimakon ta karɓe makamai, sai ta sa 'yan bindigan a jerin masu albashi, don haka riƙe bindiga ya zama sana'a. An yi zaɓe a Yuli 2012, mutane sun fito da ɗoki. Wata biyu bayan haka aka kashe jakadan Amurka a Bengazi. A Oktoba 2013 'yan bindiga suka ɗauke firaminista Ali Zeidan daga otal ɗin da yake kwana a Tarabulus, suka riƙe shi sa'o'i kafin su sake shi. Firaminista fa, a babban birnin ƙasarsa.

Daga 2014 ƙasar ta tsage biyu, gwamnati a yamma, majalisa a Tobruk ta gabas tare da Janar Khalifa Haftar. 'Yan ƙungiyar IS masu iƙirarin kafa daular Musulunci suka samu kafa suka riƙe Sirte har ƙarshen 2016. Haftar ya tasam ma Tarabulus a Afrilu 2019, Turkiyya ta shigo wa ɗaya ɓangaren, sai a Oktoba 2020 aka tsagaita wuta.

Ku dubi taswirar Libiya, ku bi ta kudu. Rumbunan makaman da Gaddafi ya tara an bar su a buɗe. Abzinawan da suka yi masa aikin soja suka koma Mali da motoci cike, tawaye ya ɓarke a Janairu 2012, soja suka kifar da Shugaba Amadou Toumani Toure a Maris, arewacin ƙasar ya faɗa hannun masu iƙirarin jihadi. Buhari, lokacin da yake shugaban ƙasa, ya sha danganta yawaitar makamai a yankinmu da rushewar Libiya. Ba duk bindigar da ke dazukanmu ce ta fito daga can ba, matsalolinmu na gida ma sun ishe mu, amma hanyar da ta ratsa Nijar a buɗe take. Ta wannan hanyar ce kuma, ta Agadas, yaranmu ke tafiya neman kuɗi. A Nuwamba 2017 CNN ta nuna bidiyon da ake cinikin 'yan Afirka a Libiya kamar a kasuwar bayi. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin a cikin waɗanda ake tsarewa a can ana bugun su ana kiran iyayensu a turo kuɗin fansa, akwai 'yan Najeriya da dama.

Su ma 'yan Libiya suna biyan bashin rashin hukuma da rayukansu. A Satumba 2023 madatsun ruwa biyu suka ɓalle a saman birnin Derna, waɗanda masana suka daɗe suna gargaɗin suna buƙatar gyara. Sama da mutum 4,000 aka tabbatar sun rasu, wasu dubbai ba a gan su ba. Allah Ya jiƙan su.

An rubuta daftarin tsarin mulki tun 2017, ba a kai shi gaban jama'a su kaɗa masa ƙuri'a ba. An sa ranar zaɓen shugaban ƙasa, 24 ga Disamba 2021, mutum kusan miliyan 2.8 suka yi rajista. Haftar ya fito takara, firaminista Abdulhamid Dbeibah ya fito, Saiful Islam ɗan Gaddafi ma ya fito. Aka kasa daidaitawa kan wanda doka ta yarda ya tsaya, ana saura kwana biyu hukumar zaɓe ta ce a ɗage.