Sharhi: Tarho Ya Faɗi Gwaji, Sai a Ɗora wa Ma'auni Laifi?

Jama'a masu sauraro, ƙorafi ɗaya ne ya ishe mu daga masu haɗa tarhon tebur: an kai kaya gwajin juriyar siginar rediyo, ya faɗi, sai a ce wai ma'aunin ne ya yi tsauri, ai tarhon yana aiki lafiya a ofis. Lafiya a ina? Duk wanda ya taɓa ajiye salula kusa da tarho ya san wannan ƙarar "dit-dit-dit" kafin kira ya shigo. Bugun GSM ne, sau 217 a daƙiƙa, yana kutsawa inda ba a gayyace shi ba.

Abin da ake yi a ɗakin gwaji ke nan. Ƙa'idar IEC 61000-4-3 tana feshe tarhon da sigina ta iska daga megahaz 80 zuwa 1000, har ma da sama da haka, bolt 3 a kowace mita. IEC 61000-4-6 kuma tana cusa ta cikin kebul daga kilohaz 150 zuwa megahaz 80. An ɗora wa siginar wani sauti na kilohaz 1. Idan sautin nan ya fito a kunnen tarho, to wani ɗan kayan lantarki a ciki, taransista ko diyod, ya mai da kansa rediyo. Aikinka ka nemo ƙofar da siginar ta shiga, ba ka tsaya gardama ba.

Wuri ɗaya za mu ba masu ƙorafi gaskiya: kayan awon ma suna iya kama sigina. Don haka janye kan tarhon daga makirufon awo, ka sake kunnawa. In sautin yana nan, laifin na kayan awon ne. A fitar da makirufon waje, a jawo masa sauti ta bututun roba. In kuwa sautin ya ɓace da ka janye kan tarhon, to malam, kayanka ne.

Nemo ƙofar! Zangon megahaz ɗin da tarhon ya faɗi a kai shi zai nuna maka. Kebul mai tsawon mita ɗaya eriya ce sosai a wajen megahaz 75, kuma murɗaɗɗiyar igiyar kan tarho ita ce uwar ɓarna. Maƙala mata zoben ferait, irin baƙin ƙullin nan na jikin kebul ɗin kwamfuta, ka gwada a wannan zangon kaɗai. Sautin bai sauka ba? Mai da zoben kan kebul ɗin layi. Abu ɗaya ake canzawa a kowane zagaye, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba.

Idan a sama ne, wajen megahaz 900 ko 1800, dubi makirufon tarhon, domin akwai ɗan taransista a cikinsa. Kafasita, wato ɗan kayan lantarki mai tace sigina, mai pikofarad 33 da mai 10 ake sawa, a manna da dalma a kan ƙafafun makirufon. A kan ƙafafun, ba can nesa a kan allon lantarkin tarhon ba, domin doguwar ƙafa tana kashe amfaninta. Babbar kafasita kuwa murya za ta dusashe, siginar ta wuce abinta.

Masu naɗe akwatin tarho da takardar alminiyom, haba! Kun rufe taga, ƙofar kebul tana buɗe. Kuma bayan gyara a maimaita zangon duka daga farko, saboda ferait yakan ture matsalar ne zuwa wani zangon da ɗazu ya wuce lafiya.