Hawan duwatsun St Bees a lokacin kwancin tsuntsayen teku

St Bees Head wani jan dutse ne mai tsawo a gaɓar teku, a yankin Cumbria da ke arewa maso yammacin Ingila. A gindinsa akwai manyan duwatsu da suka ɓalle suka zube a bakin teku, kuma su ne masu hawa suke zuwa nema. Irin wannan hawan ba ya buƙatar igiya, domin tsawon dutsen bai cika wuce mita 4 ko 5 ba. Mai hawa yakan shimfiɗa katifa a ƙasa, ya shafa alli a hannu, abokinsa kuma ya tsaya a baya don ya tare shi idan ya suɓuce.

To, amma ku ɗaga kai sama. Duk shekara dubban tsuntsayen teku suna cika tsagogin wannan dutse domin yin kwanci, kuma a duk faɗin Ingila nan ne kaɗai baƙin gilimot, wani tsuntsun teku mai baƙin gashi, yake hayayyafa. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce ke kula da wurin.

Gilimot na gama-gari, wani nau'in daban da shi ma yake kwanci a wurin, shi ne abin tausayi a nan. Ba ya gina sheƙa ko kaɗan. Macen tana ajiye ƙwai guda ɗaya tak a kan tsirarin dutse, iyayen biyu su riƙa karɓa-karɓa suna ɗora shi a kan ƙafafunsu har tsawon kusan wata guda. Idan ihun mutum ko haushin kare ya firgita su suka tashi a lokaci ɗaya, ƙwan yana iya gangarawa ya fashe, ko hankaka ya sure shi kafin su dawo, wahalar makonni ta tashi a banza. Ga shi kuma murar tsuntsaye ta yi wa tsuntsayen tekun Birtaniya mummunar ɓarna a 2022, saboda haka kowane ɗan tsako yana da daraja.

Shi ya sa ake rufe wasu sassan gaɓar a watannin kwanci, har zuwa ƙarshen Yuli, bisa yarjejeniya tsakanin masu kula da tsuntsaye da BMC, majalisar masu hawan dutse ta Birtaniya. Dokar kare namun daji ta 1981 ma ta haramta lalata ƙwai ko sheƙar da ake amfani da ita. A ganina wannan ba tauye haƙƙi ba ne, domin dutsen zai jira mai hawa zuwa Agusta, ɗan tsako kuwa ba shi da wannan damar.

Kafin ku fita, ku duba kundin BMC na intanet don sanin sashen da aka rufe, sannan ku duba jadawalin cikar teku. Kada ku hau jan dutsen nan yana jiƙe, domin yakan yi rauni ya gutsure. Idan kuma kuka ga tsuntsu yana kewaya ku yana ƙara, ku naɗe katifarku ku matsa nesa, ko da sashen a buɗe yake.